Natsuwa Kafin Karatu: Haƙƙin Jikin Yaro a Cikin Aji

A arewacin tsibirin Manhattan, cikin birnin New York na ƙasar Amurka, akwai wata makarantar firamare ta gwamnati mai lamba 98, wadda aka gina dab da wata gada da jirgin ƙasa na cikin gari ke bi ta kanta, har ya zamana wasu ɗakunan karatunta suna fuskantar hanyar jirgin, wasu kuwa suna can ɗaya ɓangaren inda ƙarar ba ta isa sai kaɗan. Kusan kowane minti huɗu da rabi jirgi yakan wuce da rugugi, malami ya dakata da magana kamar daƙiƙa talatin, sa'an nan ya koma neman inda ya tsaya. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Arline Bronzaft, ita da abokin aikinta, suka ɗauki sakamakon jarrabawar karatu na yaran ɓangarorin biyu suka auna, suka buga abin da suka samu a 1975, watau cewa yaran gefen jirgi suna baya, 'yan aji shida ma tazararsu ta kusa kai ta shekara guda, alhali kuwa unguwarsu ɗaya, makarantarsu ɗaya. Da magana ta kai ga hukuma, sai aka shimfiɗa roba a ƙarƙashin ƙarafan hanyar jirgin, aka liƙa wa rufin ɗakunan abin da ke shanye ƙara, kuma da aka sake awo aka buga a 1981, sai aka tarar tazarar nan ta gushe, ba tare da an ƙara wa yaro ko ɗaya basira ko an tsananta masa horo ba.

Na kawo wannan labari ne domin ya zama mabuɗi ga wata mas'ala wadda har yanzu ba mu ba ta haƙƙinta ba a makarantunmu, ita ce cewa yaro ba da hankalinsa kaɗai yake shiga aji ba, yana shiga da kunnensa da idonsa da fatarsa da cikinsa, kuma da yawa daga abin da muke kira ƙiriniya ko taurin kai ko daƙiƙanci, in an bi diddiginsa da adalci, sai a iske jiki ne wanda abin da ke shigarsa ya fi ƙarfinsa, ko kuwa bai ishe shi ba. Wanda bai natsu ba ba ya fahimta, wannan kowane malami ya sani. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne cewa natsuwa tana da sabubba na zahiri, waɗanda ana iya gani a kuma gyara.

Ma'abota ilmi na da ba su jahilci asalin wannan magana ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayani a cikin bahasinsa game da rai cewa bayan hawassu biyar na zahiri, watau ji da gani da shaƙa da ɗanɗano da shafa, akwai waɗansu na baɗini, na farkonsu kuwa shi ne matattarar da abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji suke haɗuwa su zama sani guda. A ƙarnin da ya wuce sai wata Ba'amurkiya, Jean Ayres, wadda sana'arta ita ce koya wa majinyata da masu naƙasa yadda za su iya hidimomin yau da kullum, ta ɗauki shekaru tana lura da yaran da idonsu lafiya, kunnensu lafiya, hankalinsu kuma cikakke, amma karatu ya gagare su. A littafinta na 1972 ta kawo ra'ayin cewa matsalar tana wajen haɗawa da tsara saƙonnin ne a cikin ƙwaƙwalwa. Ta kuma jawo hankali ga wasu ƙofofi biyu da ba a cika lissafa su ba. Ɗaya tana can cikin kunne, inda akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, tare da wasu 'yan jakunkuna a gindinsu, waɗanda ke sanar da mutum ko kansa a miƙe yake ko a karkace, ko yana tsaye ko yana tafiya, kuma su ne ke sa yaro jiri idan ya yi hajijiya. Ɗayar tana cikin tsoka da gaɓoɓi, ita ce ke sa mutum ya kai loma bakinsa cikin duhu bai kuskure ba, ya kuma san ƙarfin da zai danna fensir da shi. Masana na baya sun ƙara da ta cikin jiki, mai ba da labarin yunwa da ƙishirwa da cikar mara da bugun zuciya.

Ƙwaƙwalwa tana yi wa waɗannan saƙonni abin da rariya ke yi wa gari ne: ta bar mai amfani ya wuce, ta tsare tsaki da dusa. Mafi yawan yara rariyarsu daidai take, shi ya sa suke jin muryar malami su manta da kukan akuya a bayan taga. Wasu kuwa idon tasu ya yi faɗi, komai wucewa yake yi a lokaci guda, da muryar malami, da jan benci, da tarin na kusa, da warin bola, babu wanda ya fi wani ƙarfi. Wasu kuma tasu ta toshe, ba abin da ke sauka sai an jijjiga ta da ƙarfi. Farfesa Winnie Dunn ta Jami'ar Kansas ta tsara wannan bambanci a 1997, ta nuna cewa a cikin masu saurin ji akwai mai haƙuri yana shan wahala da mai gudu, a cikin masu nauyin ji kuma akwai mai zama shiru abu na wuce shi da mai tashi ya nemo wa kansa motsi. Kowane ɗayanmu yana wani wuri a kan wannan mizani, ba kuma cuta ba ce a kan kanta, sai fa idan ta hana mutum rayuwa.

To, a ɗauki wannan bayani a shiga da shi ajin firamare irin wanda muka sani a Kano ko Katsina ko Maraɗi. Rufin kwano ne babu silin, wanda a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yake sauko da wuta a kan yara tun hantsi, da damina kuwa in ruwa ya sauko ba mai jin na kusa da shi. Ƙa'idar ilmi ta Nijeriya ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma ba abin mamaki ba ne a iske ninki biyu ko uku na wannan adadi a ɗaki guda, kafaɗa na gugar kafaɗa, wasu a benci wasu a ƙasa. Allon bango ya koɗe sai an shafe shi da baƙin tsohon batir, hasken taga kuma yana dukansa ta gefe. Ajin da ke maƙwabtaka yana rera biyu sau biyu huɗu da iyakar murya, wannan ma yana nasa amshin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 1999, ta ce bai kamata ƙarar da ke bayan muryar malami ta wuce ma'auni 35 na desibel ba, alhali hirar mutum biyu kaɗai tana kai wajen 60. Mai karatu ya ƙiyasta da kansa inda ajinmu yake.

A cikin wannan ɗaki a dubi wata yarinya 'yar aji biyu da aka zaunar a tsakiyar benci, mutum uku a damanta uku a hagunta. Tun da safe robar hijabinta ke cin ta a ƙarƙashin haɓa, yadin rigar makaranta kuma, wanda ba ya shan gumi, yana yi mata ƙaiƙayi a wuya. Tana ƙoƙarin bin bakin malama, amma duk sanda aji ya ɗauki amshi sai ta runtse ido, ta ɗaga kafaɗu kamar mai jiran duka. Ta jure awa ɗaya, ta jure biyu. Sai monita ya fita ya buga tsohon wilin motar da aka rataye a jikin darbejiya, wanda ke daidai tagarsu, ba tare da ta san lokaci ya yi ba; ta toshe kunne da hannu biyu, ta kusa da ita ta ture ta don ta wuce, ita kuwa ta kai mata cizo, sa'an nan ta faɗi tana kururuwa, ba ta jin kira ba ta jin rarrashi. Abin da malama ta gani shi ne cizo, kuma gaskiya ne an yi cizo. Abin da ba ta gani ba shi ne awa biyun da suka gabace shi. A gida za a ce mugun hali ne, wata gwaggo ta ce a'a, wannan shafar iska ce, a kai ta wajen malam. Ba na hana kowa neman addu'a ga ɗansa, domin addu'a ba ta taɓa zama asara ba. Abin da nake roƙo shi ne a haɗa da tambayar da ba a cika yi ba: me ya shiga kunnen yarinyar nan da fatarta kafin ta faɗi?

A bayan ajin kuma ga wani yaro wanda sunansa ba ya fita daga takardar masu surutu. Yana lilo da benci, yana tauna bakin biro har ya fashe, yana dukan kafaɗar abokinsa da sunan gaisuwa, in ya rubuta sai fensir ya huda takarda. Irin wannan jikinsa ne ke neman saƙo mai ƙarfi kafin ya san inda yake, kuma motsin da ake dukansa a kai sau da yawa shi ne dabarar da yake riƙe hankalinsa da ita. Masu bincike a wata jami'a ta jihar Florida sun buga a 2015 cewa yaran da ke da lalurar rashin tsayar da hankali da yawan motsi sun fi yin daidai a aikin da ke bukatar riƙe abu a ka sa'ad da suke motsa jiki, saɓanin sauran yara. Mu kuwa muna da abin lura a ƙofar gidanmu: duk wanda ya wuce makarantar allo ya ga almajirai suna rangaji gaba da baya bisa allunansu, kuma alaramma bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashin ladabi ba. Ban ce wannan hujja ce ta likitanci ba, amma tana nuna cewa al'adarmu ta karatu ta daɗe da yarda jiki ya yi motsi yayin da harshe da zuciya suke aiki, kuma sharaɗin zama ƙiƙam kamar an dasa mutum baƙo ne a wurinmu.

Akwai na uku, wanda ba ya damun kowa, sai a kira sunansa sau uku kafin ya ɗago. Shi ne aka fi zalunta, domin ba mai kai ƙararsa balle a bincika lamarinsa.

Abin baƙin ciki shi ne horon da muka saba yi yana ƙara wa kowannensu ainihin abin da ya kayar da shi. Mai gudun ƙara a daka mata tsawa, mai bukatar motsi a hana shi fita tara, a ce ya durƙusa ya ɗaga hannu har a dawo. Masu kare bulala da gwale-gwale sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba na musun cewa yaro yana bukatar iyaka da ladabi. Sai dai malaman da muke tinƙaho da su ba su fahimci tarbiyya haka ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wasiyya a bar yaro ya yi wasa bayan ya tashi daga karatu, ya kuma yi gargaɗin cewa hana shi wasa da matsa masa kullum yana dushe basirarsa har ya riƙa neman hanyar tserewa. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya keɓe fasali guda a cikin Muƙaddimarsa a kan cewa tsanani yana cutar da masu koyo, yana koya musu kasala da ƙarya da ɓoye abin da ke ransu. Hatta a game da manya, ya zo a hadisi cewa wanda fushi ya kama yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, watau an umurce shi ya bi ta jikinsa domin ya kai ga zuciyarsa. In baligi mai cikakken hankali yana bukatar wannan, ina ga ɗan shekara bakwai?

Yaro ƙarami bai mallaki linzamin kansa ba tukuna, domin sashen ƙwaƙwalwa mai wannan aiki, wanda ke bayan goshi, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara ashirin. Kafin nan aron natsuwa yake yi daga babban da ke kusa da shi. Saboda haka idan yaro ya kai inda ba ya jin magana, wa'azi da tambayar dalili ba su da amfani a wannan sa'a. Abin da ke amfani shi ne malami ya sassauta murya, ya rage kalmomi, ya janye 'yan kallo, ya durƙusa daidai tsayin yaron, kada ya riƙe shi sai in zai ji wa kansa ko wani rauni, ya ce masa, “Zo ka zauna nan, sha ruwa, ba abin da zai same ka.” Bayan ya dawo hayyacinsa sai a yi maganar laifin da ya yi, ya ba da haƙuri, ya gyara abin da ya ɓata. Fahimtar sababi ba ta kawar da hisabi, lokacinsa kawai take sauyawa.

Mafi yawan abin da zai hana a kai ga wannan matsayi ba ya cin ko sisi. A mayar da yarinyar can bakin benci, kusa da ƙofa, nesa da wilin mota, a kuma riƙa sanar da aji cewa saura kaɗan a buga. A faɗa wa yara tun da safe abin da za a yi da abin da zai biyo bayansa, domin abin da aka san zuwansa ba ya firgitarwa kamar na ba-zata. Yaron bayan aji kuwa, maimakon a rubuta sunansa, a sa shi share allo, raba littattafai, ɗebo ruwa a randa, jan benci, duk wani aiki mai nauyi da zai ba gaɓoɓinsa abin da suke nema ta hanyar da za a ce masa madalla. Malaman da ɗakunansu ke jere su yi shawara, kada amshinsu ya zo lokaci guda, kuma kowane amshi a bi shi da ɗan lokacin rubutu cikin shiru. A ƙasar Finland al'ada ce a ba yara hutun minti 15 bayan kowane darasi na minti 45; in mu ba za mu iya haka ba, minti biyu na miƙewa da miƙa tsakanin darasi da darasi bai fi ƙarfinmu ba. A shimfiɗa 'yar tabarma a kusurwa ko a inuwar baranda inda malami ke hango ta, wadda yaro zai nemi izinin zuwa in ya ji kansa na cika, bisa sharaɗin kada a taɓa tura kowa can da sunan horo, domin ranar da ta zama wurin masu laifi ta tashi daga aiki.

Wajibi ne kuma a faɗi iyakar abin da ilmi ya tabbatar, saboda an fara kasuwanci da wannan magana a makarantun kuɗi na manyan birane. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi bayani a 2012 cewa hujjojin da ke goyon bayan hanyoyin jinyar da aka gina bisa ra'ayin Ayres ba su kai ga yanke hukunci ba, ta kuma shawarci likitoci kada su tsaya ga cewa yaro yana da matsalar hawassu kaɗai ba tare da sun binciki abin da ke ƙarƙashinta ba. Riguna masu nauyi da ake sa wa yara ba su da ƙwaƙƙwarar shaida, 'yar na'urar juyawa a yatsa da ta cika duniya a 2017 kuwa an gwada ta aka ga tana ɗauke hankali ne. Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne ɗakin kansa. Da aka sauya wa filin jirgin saman Munich na Jamus wuri a 1992, karatu da ƙarfin tuna abu na yaran da ke kusa da tsohon filin ya inganta, na yaran da ke kusa da sabon ya ragu. Masu bincike na Jami'ar Salford a Ingila sun auna ɗakuna 153 a makarantu 27, suka ba da rahoto a 2015 cewa yanayin ɗaki yana da alhakin kashi 16 cikin 100 na bambancin ci gaban yara a shekara, kusan rabin wannan kuwa daga haske da zafi da iska ne. A Jami'ar Carnegie Mellon ma an nuna a 2014 cewa 'yan ajin share fage sun fi shagala, sun kuma fi ƙarancin koyo, a ɗakin da aka cika bangonsa da hotuna. Wannan kuwa gargaɗi ne ga masu makarantun da ke ɗaukar yawan ado a matsayin alamar inganci.

Haka nan kada malami ya mai da kansa likita. Yaron da ba ya amsa kira, mai yiwuwa ciwon kunne mai mugunya ne ya rage masa ji. Mai runtse ido a gaban allo wataƙila tabarau yake bukata. Mai gyangyaɗi da fushi kafin tara, sau da yawa bai karya kumallo ba ne. Idan kuwa toshe kunne da ƙin taɓawa suka haɗu da jinkirin magana da rashin shiga cikin yara, to ya kamata a ga likita, domin tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya sanya wannan cikin alamomin lalurar galahanga, watau autism, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa tana samun kimanin yaro ɗaya cikin 100. Irin waɗannan yara suna da haƙƙin karatu a shari'ance, tun da aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci a Nijeriya a Janairun 2019. Muna da kwalejin horon malaman ilmi na musamman a Oyo tun 1977, muna da sashen wannan fanni a Jami'ar Bayero ta Kano, amma yaran da nake magana a kansu ba a makarantu na musamman suke ba, suna gaban malamin aji na kullum ne, wanda shi kansa zafin kwanon nan da hayaniyar nan suna dukansa tun safe har azahar, kuma ba a yi masa adalci ba in an nemi ya ba da natsuwar da shi ma aka hana shi.

Don haka kirana ga shugabannin makarantu da kwamitocin iyaye da malamai ne, da masu duba makarantu, da kwalejojin da ke yaye malamai. Idan kuɗin gyara ya samu, a sa silin kafin a yi fentin ƙofar shiga, ko da na zana ne ko tabarmar kaba. A dasa itatuwa a gefen da rana ke duka. A ajiye randa a kowane aji. A ɗauke ƙararrawa daga bakin tagar ƙananan yara. A haramta hana yaro fita tara da sunan horo. Iyaye kuma, ranar da aka aiko muku cewa ɗanku ba ya zama wuri ɗaya, kafin ku ce wa malam ya ƙara masa bulala, ku je da kanku da hantsi ku zauna a bencinsa na rabin awa, sa'an nan ku yanke hukunci.